Jan Hankali Game da Akwatin Lasifika

Wanda duk ya bi hanyar Kano zuwa Dambatta, ko ya ratsa Dawanau ya nufi Bichi da Tsanyawa, ya san ƙasar nan ba ta da daji. Gona tana manne da gona, ƙauye yana hangen ƙauye, babu abin da ke tsakani sai kuka da ɗorawa da gawo. In ladan ya ɗaga murya a wannan gari, garuruwa uku na kewaye sun ji shi. A ƙasa irin wannan sha'anin lasifika ba abin rainawa ba ne, domin muryar da ta fita daga cikinta tana shiga gidan wanda ya so da wanda bai so ba. Ga shi kuwa yanzu da wuya a sami masallacin Juma'a, ko makarantar Islamiyya, ko walimar sauka, ko ɗaurin aure, inda ba a kafa ta ba.

Yadda abin ya kan gudana sananne ne. Kaka ta yi, a yi shela a masallaci, wannan ya kawo kwanon gero, wancan ya kawo dami, wata tsohuwa ta aiko da kuɗin zakaranta. A wakilta mutum biyu su hau mota zuwa Kasuwar Sabon Gari. Tambayarsu ga mai kanti ɗaya ce tak: wat nawa ne? Su sayi injin ƙara ƙarfin murya, wanda a ke kira amfilifaya, su sayi makirfo, su sayi lasifika tsirara mai inci 12 ko 15, kuɗi ya kusa ƙarewa. Ɗan abin da ya rage shi a ke miƙa wa kafintan gari, a ce ya buga mata gida. Shi kuwa ya duba ragowar katakon da ke jingine a shagonsa, ya auna da ido, ya buga da ƙusa, ya huda rami a gaba domin ya ga na kanti suna da rami, ya lulluɓe da baƙin kafet. Ran Juma'a liman ya hau mumbari, sai a ji muryarsa kamar daga cikin durom, sahun gaba kunne na zafi, sahun baya ba su san abin da ya faɗa ba. Daga nan a shiga neman mai laifi. Wani ya ce mai kanti ya yi ha'inci, wani ya ce injin ne ya yi kaɗan, a sake tara kuɗi a sayo wanda ya fi shi. Ba mai waiwayar akwati, alhali kuwa sau da yawa ɓarnar tana can.

Mas'alar da a ke son warwarewa ke nan. Akwatin lasifika rabin muryarta ne, yana da awo da ƙa'ida kamar yadda rabon gado ya ke da lissafi, kuma kowane irin akwati yana da wurin da ya dace da shi. Wanda ya sayi lasifika mai tsada ya sa ta a akwatin ƙiyasi, ya zubar da rabin kuɗin jama'a bai sani ba.

Abin ba baƙo ba ne a ƙasar Kano. Tun 1944 ma'aikatan gidan waya suka kafa lasifikoki a bangon wasu wuraren taruwar jama'a cikin birni, a na jawo shirye-shiryen rediyo ta waya, masu hali kuma suka riƙa karɓar nasu a gida cikin ɗan akwatin katako. Mutanen wancan zamani da suka ce akwatin rediyo sun kusanci gaskiya, ko da ba da niyya suka faɗa ba. Ita kanta lasifikar mai faifai, Chester Rice da Edward Kellogg na kamfanin General Electric a Amurka su suka bayyana tsarinta a 1925, kuma har yau ba ta sake asali ba. Maganaɗisu a baya, naɗin siririyar waya a tsakiyarsa, wanda masu gyara ke kira koyil, sa'an nan faifan takarda mai siffar malafa. Wuta ta bi ta waya, faifai ya kai ya komo, ya tura iska, kunne ya ji sauti.

Yawan kai-komon nan cikin sakan ɗaya shi ke bambanta murya mai kauri da siririya. Masana suna ƙirga shi da Hatz, daga sunan Heinrich Hertz, wani masani Bajamushe, amma a nan za a kira shi bugu. Kunnen yaro lafiyayye yana jin daga bugu 20 zuwa bugu 20,000. Gindin muryar namiji baligi yana wajen bugu 100 zuwa 150, rugugin da samari ke kira bes kuwa yana ƙasa da 100. Sauti yana tafiya cikin iska kimanin mita 340 a sakan, saboda haka kowane bugu yana da tsawon igiyarsa. Igiyar bugu 3,400 santimita 10 ce, ba ta kai taƙi ba. Ta bugu 100 ta wuce mita 3. Ta bugu 50 ta kusa mita 7, watau ta fi tsawon zaure.

To, ga inda lalurar akwati ta fito. Faifai yana da fuska biyu. Sa'ad da gabansa ya tura iska, bayansa yana jawo ta, sa'ad da gaba ya jawo, baya yana turawa. In lasifika tana tsirara, iskar da aka tura ta gaba sai ta zagaya gefe ta cike gurbin da ke baya, kamar mai tura ruwa da tafin hannu a cikin randa, ruwan ya bi ta gefen hannunsa ya koma inda ya fito. Tsakanin gaba da bayan lasifika mai inci 12 tafiyar bai fi santimita 30 ba. Siririyar murya, mai gajeriyar igiya, ba ta damu da wannan ba, ta riga ta fice. Murya mai kauri kuwa, wadda igiyarta ta kai mita 3 ko 7, gaba da baya su kan haɗu su kashe juna kafin ta bar wurin. Shi ya sa lasifika tsirara, ko ta kai faɗin faranti, ta ke ƙara kamar gwangwani. Farkon aikin akwati shi ne ya shiga tsakanin fuskokin nan biyu ya raba su.

Makaɗa sun san wani abu mai kama da wannan tun kafin zuwan Turawa. Tsirkiyar goge in an raba ta da ƙwarya ba wanda zai ji ta a bayan zaure. Kuntigi ɗan ƙarami ne, muryarsa siririya, garaya ta fi shi ciki ta fi shi kauri, tambarin sarki kuwa da ya fi su duka a kan ji shi a ƙirji. Girman ciki yana tafiya da kaurin murya, wannan haka ya ke a lasifika ma. Amma a nan misali ya tsaya, kada a ja shi ya wuce iyakarsa. Ƙwaryar goge so a ke ta girgiza ta sa nata zaƙin cikin kiɗa. Akwatin lasifika kuwa so a ke ya yi shiru kamar dutse, domin amanar da aka ba shi ita ce ya isar da muryar mai magana yadda ta ke, ba ƙari ba ragi. Akwatin da ke girgiza ya zama mai ruwaya da ke cusa nasa zance cikin na malaminsa.

Akwati mafi sauƙi shi ne rufaffe, wanda babu wata kafa a jikinsa. Iskar da ke ciki ta kan zama kamar matashi a bayan faifai: in ya koma baya ta matse ta tura shi, in ya fito gaba ta jawo shi. In akwatin ya yi wa lasifikar kaɗan, matashin nan ya yi tauri, faifai ya kasa sakewa, kaurin ƙasa ya ɓace, sai a bar wani bugu guda na sama da shi yana ta ƙugi a kan kowace kalma. Wannan shi ne muryar durom da aka ambata. In kuwa ya dace da ita, kaurin yana fita tsaf, yana raguwa sannu-sannu zuwa ƙasa, faifai yana tsayawa da zarar mai magana ya tsaya. Edgar Villchur, wani Ba'amurke, shi ya nuna a 1954 cewa in an yi lasifika mai laushin gindi aka bar iskar rufaffen akwati ta riƙe ta, ƙaramin akwati ma zai ba da kauri mai tsabta, sai dai yana cin wuta. Sharaɗinsa ɗaya ne, kuma shi a ka fi karyawa a shagunan ƙauye: rufaffe ya zama rufaffe da gaske. Tsaga a kusurwa, ko ramin waya da ba a toshe ba, ya isa ya sa shi huci da shewa.

Na biyu shi ne mai rami, wanda kusan duk akwatunan biki irinsa ne, kuma a kansa jahilci ya fi yawa. Mutane suna tsammanin ramin don lasifika ta sha iska ne kada ta yi zafi, ko don sauti ya sami ƙofar fita, saboda haka kowa ya huda yadda ya ga dama. Ba haka ba ne. Mai karatu ya ɗauki kwalba ya busa a bakinta, zai ji wani amo guda ɗaya. Ya zuba ruwa zuwa rabi ya sake busawa, amon ya yi sama. Yarinyar da ke tara jarka a tuƙa-tuƙa ba ta leƙawa, da kunne ta ke sanin ta kusa cika, domin ƙarar tana ta sirancewa. Hermann von Helmholtz, Bajamushe, ya yi bayanin wannan a littafinsa na 1863: iskar da ke wuyan kwalba tana lilo a kan iskar da ke cikinta, kuma girman ciki da faɗin wuya da tsawonsa su ke yanke bugun da za ta yi amo a kai. Albert Thuras na ɗakin binciken Bell ya ɗauki wannan ya sa wa akwatin lasifika, aka ba shi takardar mallakar fasaha a 1932. Akwati shi ne kwalba, rami shi ne wuya. A daidai bugun da aka saita, iskar ramin ce ke yin aikin, faifai yana hutawa, kuma abin da ke fita daga ramin yana taimakon gaba maimakon ya kashe shi.

Ga misali da lissafi, domin a ga ba zancen baki ba ne. Akwati mai tsawon santimita 60, faɗi 40, zurfi 30, in an auna ta ciki, yana ɗaukar lita 72, kusan jarka uku ke nan masu lita 25. In an huda masa rami mai faɗin santimita 10 aka sa bututu mai tsawon santimita 15, zai yi amo wajen bugu 38. In an bar ramin haka nan ba bututu, kaurin katako kaɗai, amon ya tashi zuwa wajen bugu 56. Akwati ɗaya, rami ɗaya, guntun bututun ruwa kaɗai ya raba su, amma kunne zai ce lasifika biyu ne daban. In saitin ya yi sama da abin da lasifikar ke so, sai a sami ƙugi guda mai gajiyar da kai. Akwai kuma wani haɗari da ba a faɗa wa masu saye. Ƙasa da bugun da aka saita, akwati mai rami ba ya riƙe faifai ko kaɗan, ya koma kamar tsirara, yana ta fiffika ba sauti har gindinsa ya yage ko koyil ya goge. Da yawa daga lasifikokin da ke jibge a shagunan masu gyara, ramin da aka huda da ka ne ya kai su can.

Ba a bar wannan ga ƙiyasi ba. Neville Thiele a Ostareliya ya fitar da lissafinsa a 1961, Richard Small na Jami'ar Sidni ya cika shi a farkon shekarun 1970. Tun daga nan kamfanin da ya san abin da ya ke yi ya kan buga wa kowace lasifika alƙalumanta: bugun da ta ke lilo a kai in tana tsirara, da taurin gindinta, da yawan iskar da ta yi daidai da ita, sau da yawa har da girman akwatin da ya dace da tsawon bututu. Takardar tana cikin kwali, ko a same ta a intanet da lambar lasifikar, kuma a kowane gari yanzu akwai ɗalibin sakandare mai waya da zai iya dubawa. Wakilan jama'a da suka je kanti, da sun tambayi takardar nan da ta fi musu tambayar wat amfani. Lasifikar da ba ta da suna ba ta da takarda, mafi aminci a sa ta a rufaffen akwati mai yalwa, domin rufaffe yana yafe kuskuren awo, mai rami ba ya yafewa.

Akwai wata ƙa'ida da a ke jingina wa Anton Hofmann, ɗaya daga waɗanda suka kafa kamfanin KLH a Amurka. Abu uku a ke nema ga akwati: ya zama ƙarami, ya ba da kauri mai zurfi, ya yi ƙara da wuta kaɗan. Biyu kaɗai a ke samu, na uku sai a haƙura. Wannan ya shafi garuruwan da wutar lantarki ba ta zama, inda a ke dogara da batir da sola ko ɗan janareta. Wanda wutarsa kaɗan ce, ko dai ya yarda da babban akwati, ko ya haƙura da rugugi. Samarin da ke hayar kayan sauti a bukukuwa su kan so su haɗa ukun duka, su cusa lasifika mai inci 18 a akwatin da zai hau bayan babur, sa'an nan su murɗa inji har ƙarshe don su cike giɓin. Ba ya cikuwa. Ninka wat sau biyu ɗan ƙari kaɗan ya ke kawowa, desibel 3 kacal a ma'aunin ƙara, sai an ninka sau goma kafin kunne ya ce ƙarar ta ninka. Dubban wat ɗin nan da a ke rubutawa da manyan haruffa a jikin kwali kuwa, a kan na'urar da ɗan batir ke ɗauka yini guda, ado ne na talla. Abin dubawa shi ne adadin da aka rubuta RMS a gefensa. Su kuma tuna, katangar ƙasa da zana suna tare siririyar murya amma rugugi yana ratsa su, shi ya sa majinyaci a ƙarshen gari ba ya jin waƙar, bugun kaɗai ya ke ji a ƙirjinsa har asuba.

Saura ƙaho, wanda wasu ke kira hon, irin na TOA na Japan da Ahuja na Indiya da a ke gani a kan hasumiya da kan motocin masu tallan magani. Shi ma akwati ne, sai dai a gaba ya ke. Asalinsa asalin kakaki ne: siririn maƙogwaro da ke buɗewa sannu-sannu har baki, an naɗe shi ciki don ya gajarta. Lasifika mai faifai a cikin akwati, cikin wuta kashi 100 da aka ba ta, kashi 1 ko 2 ta ke mayarwa sauti, saura zafi ne. Ƙaho yana ninka wannan sau goma ko fiye, kuma yana tattara muryar ya nufi gefe guda da ita. Ruwa da rana ba su cika damunsa ba. Don kiran salla da shelar gari ba a yi kamarsa ba, shi ya sa tun da Masallacin Sultan na Singafo ya ɗora lasifika a hasumiyarsa a 1936, cikin na farko-farko a duniya, abin ya bazu ko'ina.

Amma ƙaho yana da iyaka, kuma iyakar a bakinsa ta ke. Kewayen bakin sai ya kusanci tsawon igiyar da a ke so ya fitar. Mai faɗin rabin mita, kewayensa ya ɗan wuce mita ɗaya da rabi, saboda haka ƙasa da bugu 200 da 'yan kai ba shi da abin cewa. Wanda zai fitar da bugu 50 sai bakinsa ya wuce mita 2, ya fi ƙofar zaure. Mai kula da inji da ke murɗa maɓallin bes don muryar ladan ta yi kauri a ƙaho, kaurin ba zai zo ba, sai dai ɗan faifan da ke maƙogwaron ya ƙone. Maɓallin nan ƙasa ya kamata ya zauna muddin ƙaho ne a kan layi.

Babban kuskure shi ne shigo da ƙaho cikin masallaci, ko cikin aji, a rataye shi bisa kan mutane. Ƙahon kasuwa da wat ɗaya tak yana iya haura desibel 100 ga wanda ke mita ɗaya daga bakinsa, ga shi kuwa wat 30 ko 40 a ke ba shi. Masu binciken lafiyar ma'aikata a Amurka sun ƙayyade desibel 85 na awa 8 a yini, kuma duk ƙarin desibel 3 yana raba lokacin biyu, har ya zama desibel 100 minti 15 ne kacal. Tafsirin azumi ya fi awa ɗaya, kwana kusan talatin a jere, yara ne kuma a ke turawa su zauna gindin lasifika. Jin da ƙara ta kashe ba ya dawowa. Wannan bai tsaya ga lafiya ba, ya taɓa karatun kansa. Masallatan dā na ƙasa da azara, da tabarma a shimfiɗe, suna shanye sauti. Na yanzu bulo ne da siminti da tayil da rufin kwano, ko'ina murya ta bugu sai ta dawo. Ƙaho ya harba ta bango, bango ya mayar, kalma ta hau kan 'yar'uwarta, sai a ji amo ba a ji harafi ba.

Harafi kuwa shi ne abin nema a wurin karatu. Wasula da gunna suna zaune ƙasa, kowace lasifika tana fitar da su. Amma abin da ke raba sin da shin da fa yana can sama, galibi bisa bugu 3,000, shi ya sa a tsohuwar wayar tarho, mai yanke sauti a bugu 3,400, a kan kasa bambanta sin da fa. Babbar lasifika mai inci 15, ita kaɗai a akwati, ba ta kai wa can da kyau, ɗan abin da ta kai kuma wanda ke saitinta kaɗai ke ji. Watau kwamitin da ya zaɓi mafi girma don girmama masallaci, ya sayo abin da aka yi don ganga ya ba liman. Almajirin da ke koyon mahrajin harafi daga irin wannan akwati yana koyon abin da malaminsa bai faɗa ba.

In wani ya ce, ai ɗaga murya a kiran salla abin so ne, don me za a taɓa shi? Sai a ce masa ba a ce a sauke ƙaho daga hasumiya ba, can ne gidansa. Abin da a ke cewa shi ne a raba na waje da na ciki, kowanne da layinsa da maɓallinsa. Ba a nan aka fara wannan magana ba. A watan Mayu na 2021 Ma'aikatar Harkokin Musulunci ta Saudiyya ta umarta a taƙaita lasifikar waje ga kiran salla da iƙama, ƙarar kuma kada ta wuce sulusi. A Fabrairun 2022 Ma'aikatar Addini ta Indunusiya ta fitar da tata takardar, ta bambanta lasifikar ciki da ta waje, ta sa iyakar desibel 100. Ko an yarda da duk abin da suka yanke ko ba a yarda ba, ƙasar da ƙauyukanta ke jin tarin juna ta fi su bukatar duba abin. Da asubar hunturu, sa'ad da iskar ƙasa ta fi ta sama sanyi, sauti ya kan lanƙwaso ƙasa ya yi nisa fiye da na rana. Masallatai biyar su saki karatu da wa'azi lokaci guda, kowanne ya kai garin ɗan'uwansa, mai sauraro a tsakiya ba ya fahimtar ko ɗaya.

Abin da ya dace da ciki shi ne dogon siririn akwati mai ƙananan lasifikoki huɗu ko shida, masu inci 4 ko 5, a jere ɗaya bisa ɗaya. Jerin nan yana shimfiɗa murya dama da hagu tare da sahu, yana rage abin da ke zuwa rufi da daɓe, saboda haka amsa-kuwwa ta ragu. A kafa shi tsaye, kada a kwantar, ɗan sama da kan mutum, a ɗan sunkuyar da shi wajen jama'a. Guda huɗu a rarrabe, kowanne yana magana a hankali ga na kusa da shi, sun fi ƙato ɗaya mai tsawa daga gaba. A nisanta su da kusurwa, domin kusurwa tana ƙara kauri, mai kiɗa yana son haka amma huɗuba ba ta so. A kuma kiyaye haɗin waya. In an juya wayar akwati ɗaya, faifansa yana komawa sa'ad da na ɗan'uwansa ke fitowa, su cinye kaurin juna kamar gaba da bayan lasifika tsirara. Gwajin ba wuya: a taɓa wayoyin da ɗan batirin tocila mai bolt 1.5, a ga duk faifan sun yi gaba tare.

Kafinta ba shi ne abin zargi a nan ba. An ba shi kuɗin ƙusa an ce ya yi aikin awo, ba a kuma ba shi awon ba. Mutumin da ke haɗa gado da kabad ba su karkace ba, akwati ba zai gagare shi ba in an rubuta masa santimita. A sayo masa filawud mai kaurin milimita 18 daga 'Yan Katako na Rijiyar Lemo, kada a ba shi falle-fallen sili. MDF yana da nauyi kuma ba ya ƙara, ya yi kyau ga akwatin da zai zauna cikin ɗaki, amma in damina ta taɓa shi ya kan kumbura ya ruguje, saboda haka ba na yawon biki ba ne. A haɗa da gam da sukuru, domin ƙusa kaɗai tana sassautawa da girgiza. A gicciya sanda a ciki tsakanin manyan bangwaye. Kada tsawo da faɗi da zurfi su zama daidai da juna, domin in sun zama ɗaya amon cikin ya taru a bugu guda. A shimfiɗa auduga ko soso a bangon ciki don ya shanye sautin baya kada ya dawo ta faifai, amma kada a toshe bakin bututu. A sa raga a ramin saboda ɓera, a bakin ƙaho ma haka saboda zanzaro, wanda ke son gina ɗakinsa a maƙogwaro, ya toshe murya a ɗauka inji ne ya lalace. Ƙahon kuma a ɗan sunkuyar da bakinsa kada ruwan sama ya kwanta ciki.

Kafin a biya ragowar kuɗin aiki, a ƙwanƙwasa kowane bango da gaɓar yatsa. In ya amsa gajere kamar an bugi turmi, ya yi. In ya amsa kamar ganga, a ƙara sanda. Rufaffe kuma a danna faifansa a hankali da yatsu a kewayen tsakiya, a saki. In ya tsaya da tauri ya dawo sannu, iskar tana riƙe, in ya shige ya fito sakaka akwai tsaga, a neme ta a cike da gam. Sa'an nan a kai shi inda zai zauna, a sa mai karatu ya karanta da muryarsa ta kullum ba tare da ya ɗaga ba, a tura dattijo ɗaya da yaro ɗaya sahun ƙarshe, kowannensu ya maimaita abin da ya ji harafi da harafi.